Kwalara Bayan Ambaliya: Shirin Da Ya Kamata Ya Riga Ruwan Sama Isa

A watan Maris na 2019 mahaukaciyar guguwar nan da aka yi wa laƙabi da Idai ta afka wa birnin Beira da ke gaɓar tekun Mozambik. Ta yaye rufin gidaje da na asibitoci, ta katse wutar lantarki, injinan da ke tura ruwan famfo suka tsaya cik. Kafin watan ya ƙare hukumomi suka tabbatar da ɓullar kwalara. Mutum sama da 6,000 suka kamu, amma waɗanda aka tabbatar sun rasu ba su kai 10 ba. Bayan shekara uku, a maƙwabciyarta Malawi, guguwar Ana da ta Gombe suka wuce a farkon 2022, kwalara ta biyo sawunsu. Ta ƙi lafawa ko da rani, ta fi shekara tana yawo daga gunduma zuwa gunduma, har ta ci rayuka sama da 1,700, annobar da ƙasar ba ta taɓa ganin irinta ba. Cutar ɗaya ce, yankin ɗaya ne, abin da ya buɗe mata ƙofa ma kusan ɗaya ne. Me ya raba sakamakon nan biyu?

A Beira, ƙungiyoyin agaji sun riga sun hallara saboda guguwar, an yi gaggawar maido da ruwan famfo, an kafa wuraren jinya, an kuma kawo rigakafi kusan 900,000 a farkon Afrilu, aka ba mutum sama da 800,000 cikin kimanin mako guda. Annobar Malawi kuwa ta yi ta ruruwa a hankali, ta kai ƙololuwa a daidai lokacin da ƙasashe da yawa ke rububin kayan jinya da rigakafin da ba su ishi kowa ba. Bambancin dai na lokaci ne, kuma duk zancen shirya tsarin kiwon lafiya don tarar kwalara a kan lokaci yake tafiya.

Ya kamata a fara gyara wata fahimta. Ruwan sama ba ya haifar da kwalara. Ƙwayar cutar, wadda masana ke kira Vibrio cholerae, ta baki take shiga, cikin ruwa ko abincin da bahayan mai ɗauke da ita ya gurɓata. Inda ƙwayar ba ta nan, ko kuma inda ruwan sha bai haɗa hanya da masai ba, gari na iya nutsewa ba a ga kwalara ba. Ambaliyar da ta yi ɓarna a Jamus da Beljiyam a Yulin 2021 ta kashe mutane da dama, amma ba wanda ya ji labarin kwalara bayanta. A Haiti girgizar ƙasa ta rushe babban birnin a Janairun 2010, aka yi wata tara ba kwalara, sai a Oktoba da ƙwayar ta fito daga sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya da suka zo daga Nepal, ta malala cikin kogin Artibonite. Sama da mutum 800,000 suka kamu, kusan 10,000 suka mutu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da mummunan yanayi ke yi shi ne faɗaɗa tsagar da ta daɗe a wurin.

Yadda ambaliya ke yin wannan aiki kowa na iya hasashe: masai ya cika ya tumbatsa, ƙazanta ta gangara rijiyoyin da ba su da murfi, jama'a su cunkushe a makarantu da filaye inda banɗaki ɗaya ke ɗaukar ɗaruruwan mutane. Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba. Muddin ruwa na gudu da ƙarfi a cikin bututu, ko da bututun ya tsage, waje ruwan ke fita. Da zarar wuta ta ɗauke injin ya tsaya, sai bututun ya koma zuƙo ruwan kwatar da ke kewaye da shi. Idan aka dawo da wuta, wannan gurɓataccen ruwa ne zai fara isa gidajen mutane, ta famfon da suka amince da shi.

Fari ma yana kai wa ga wuri ɗaya, ta wata hanyar. Idan rijiyoyi suka ƙafe, mutane da dabbobi sukan taru a kan 'yan tafkunan da suka rage, ruwan wanke hannu ya zama abin da ba a iya ɓarnatarwa, a koma sayen ruwa a hannun masu tanka ba tare da an san inda suka ɗebo ba. Somaliya ta ga haka a farin 2017, ta sake gani tare da Habasha da Kenya tsakanin 2020 da 2023, lokacin da damina biyar a jere ta gaza. Yaran da fari ya jefa cikin tamowa su ne gudawa ta fi saurin kayarwa. Shi kuwa zafi, ƙwayar tana son ruwa mai ɗumi mai ɗan gishiri-gishiri, irin na bakin teku inda kogi ke shiga, tana kuma maƙalewa a jikin wasu ƙananan halittun ruwa da ido bai cika gani ba. Binciken masaniyar ƙwayoyin cuta 'yar Amurka, Rita Colwell, da abokan aikinta ne ya fito da wannan, har suka nuna a ƙauyukan Bangladesh cewa tace ruwa da tsohon zane da aka ninka huɗu yana rage kamuwa da kusan rabi.

Duk waɗannan ƙofofi ƙara buɗewa suke yi saboda sauyin yanayi. Duk lokacin da zafin iska ya ƙaru da digiri ɗaya a ma'aunin Salshiyas, tana iya riƙe ƙarin tururin ruwa da ya kai kimanin kashi 7 cikin 100, abin da ke nufin ruwan sama mai sauka da yawa a lokaci guda. Annobar kwalara ta bakwai a tarihi, wadda ta faro daga Indonesiya a 1961 ta iso Afirka a 1970, har yau ba ta ƙare ba. Ƙasashe 44 ne suka kai wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoton kamuwa a 2022, ciki har da Labanon da ta yi kusan shekara 30 ba ta ga cutar ba. A 2023 rahoton ya haura mutum 535,000, mamata sama da 4,000, kuma kowa ya san waɗannan su ne kawai aka ƙirga. Ƙiyasin masana ya kai mutum miliyan 1.3 zuwa miliyan 4 a shekara.

Yanzu mu dubi cutar kanta, don a cikin halinta ne dabarar shirin take. Daga shigar ƙwayar zuwa bayyanar alamu ana iya ɗaukar awa 12 zuwa kwana 5. Yawancin waɗanda suka kamu ba za su ma san sun kamu ba, amma suna fitar da ƙwayar a bahayansu na tsawon kwanaki. Kaɗan ne cutar ke tsananta musu, sai dai idan ta tsananta ba ta jira. Gudawa ce fara kamar ruwan wankin shinkafa, ba murɗawar ciki sosai, sau da yawa ba zazzaɓi, ga amai. Babban mutum na iya zubar da kusan lita guda a awa ɗaya. Idanu su faɗa, fata ta yamushe, jijiyoyin ƙafa su ɗaure, fitsari ya ɗauke, jini ya kasa zagayawa. Wanda ya tashi lafiya da safe yana iya cikawa kafin dare. Idan ba a yi magani ba, mai tsananin tana iya kashe kusan rabin waɗanda ta kama.

Maganin kuma yana cikin mafi arha a duniyar likitanci: mayar wa jiki ruwa da gishirin da ya zubar. A 1971, lokacin yaƙin da ya haifar da Bangladesh, wani likita ɗan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya tsinci kansa a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon da dubban masu kwalara, ledojin ƙarin ruwa kuma sun ƙare. Sai ya sa aka riƙa haɗa ruwan gishiri da sukari a manyan durom, ya damƙa wa dangin marasa lafiya kofuna su riƙa ba su. Mace-macen da suka kai kusan kashi 30 cikin 100 suka sauko ƙasa da kashi 4. Abin lura a nan, hannun iyaye da 'yan'uwa ne ya yi aikin, likitocin ba su da yawa. A yau ma'aunin da aka yarda da shi shi ne, inda jinya ke tafiya daidai, bai kamata mace-mace su kai mutum ɗaya cikin 100 ba. Duk inda aka ga kashi 2 ko 3, ba wai ƙwayar ta fi ta wani wuri dafi ba ne, mutane ne ke isa a makare, ko ba sa isa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa a wasu ƙasashe sama da kashi ɗaya cikin uku na mamatan a gida ko a hanya suka cika.

Wannan ne ya sa nake ganin kuskure ne a auna shirin kwalara da girman asibitin babban birni ko cikar ma'ajiyar magani ta ƙasa. Ambaliyar da ta kawo cutar ita ce ta karya gadar da motar magani za ta bi. Kwalayen gishiri da sukari dubu a babban sito ba su da amfani ga ƙauyen da ruwa ya yanke. Tambayar da ta dace ita ce, idan hanya ta rufe yau da dare, me ke akwai a inda mutum zai iya kaiwa da ƙafa yana goye da mara lafiya? Amsar da aka gwada aka ga tana aiki ita ce ƙananan wuraren shan ruwan gishiri da sukari a cikin unguwanni: rumfa, bokiti mai famfo, tsabtataccen ruwa, kofuna, sabulu, da wani ɗan unguwa da aka koya masa ya bambance wanda zai iya sha ya warke da wanda dole a garzaya da shi gaba. Kayan nan sai a kai su tun kafin damina, a kuma ajiye su a tudu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na gaba shi ne cibiyar jinyar kwalara, ga masu tsanani. Ita ma ba ta buƙatar na'urori masu tsada, tsari take buƙata. Gadon kwalara yana da rami a tsakiya da bokiti a ƙasa, don a auna abin da ya fita a mayar da daidai shi. Ruwan da ake ƙarawa ta jijiya shi ne wanda ake kira Ringa, kuma mai tsanani yana buƙatar kimanin mililita 100 a kan kowane kilo na nauyinsa cikin 'yan awoyin farko, wato mai kilo 60 zai buƙaci lita 6. A ninka wannan sau ɗari a rana guda, sai a gane dalilin da ledojin ruwa ke ƙarewa a makon farko. Ana ba yara sinadarin zinki, ana ba masu tsanani maganin kashe ƙwayoyin cuta don a rage tsawon gudawar. Sinadarin kulorin ma kashi uku ake haɗa shi: mai ƙarfin kashi 2 cikin 100 don bahaya da amai da gawa, 0.2 don daɓe da gadaje, 0.05 don hannu. Ma'aikacin da bai taɓa haɗa su ba sai ranar da marasa lafiya suka cika harabar, zai rikice. Wanda bai saba neman jijiya a hannun da ya bushe ba, zai ɓata mintocin da ba a da su. Horon nan a lokacin lafiya ake yin sa, a kuma maimaita, domin ma'aikata na sauya wurin aiki. Zambiya ta mayar da babban filin wasa na Heroes da ke Lusaka wurin jinya a farkon 2024, ta kuma ɗage komawar ɗalibai makaranta. Matakin ya ceci rayuka, amma ya fi kyau a san filin da za a yi amfani da shi, da inda ruwansa da ƙazantarsa za su bi, tun ba a buƙace shi ba.

Akwai wani abin takaici da ba a son faɗa: shi kansa asibitin yana cikin waɗanda ambaliya ke ci. Rahoton haɗin gwiwa na Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF a 2022 ya ce rabin cibiyoyin lafiya na duniya ba su da cikakken tanadin wanke hannu da ruwa da sabulu. Asibitin da ba shi da tankin ruwa na kansa, ba wutar sola, masansa kuma a kwari yake, idan aka tara masu kwalara a cikinsa shi zai zama mai raba cutar.

Sai batun gano ta da wuri. Mutum na farko da zai ga alamar ba ƙwararren likita ba ne, ma'aikacin ƙaramin asibiti ne ko mai sayar da magani da ya lura manya uku daga layi ɗaya sun zo da gudawa mai ruwa a yini guda. Yana da lambar da zai kira? Idan ya kira, akwai mai zuwa? Akwai ɗan abin gwaji na gaggawa da ke ba da sakamako cikin mintoci, wanda Gavi, ƙawancen samar da rigakafi na duniya, da abokan aikinta suka fara rarraba sama da miliyan guda ga ƙasashe a 2024, sai dai tabbatarwa na ɗakin gwaje-gwaje ne, kuma samfur sai da mota da mai da hanya. Ba a jiran sakamako kafin a fara jinya. An kuma gano cewa haɗarin kamuwa ya fi yawa ga 'yan gida ɗaya da maƙwabtan mara lafiya a kwanakin farko, don haka ƙaramar tawaga da za ta isa gidan cikin kwana ɗaya ko biyu da kulorin da sabulu da bayani tana iya kashe wutar tun tana ƙarama.

Abin da ke lalata wannan mataki sau da yawa siyasa ce. Gwamnatoci da dama sun sha ɓoye sunan cutar, su kira ta gudawa mai ruwa kawai, don tsoron kada masu yawon buɗe ido su gudu ko a daina sayen kayan abincinsu, ko don gudun abin kunya. Kowane mako da aka yi ana jan ƙafa wajen ambaton sunan, mako ne da ba za a nemi rigakafi ba, ba za a saki kuɗi ba, jama'a kuma ba za su san cewa gudawar bana ba irin ta kullum ba ce. A ganina wannan ɓoyo laifi ne da ya kamata a riƙa tuhumar masu yin sa.

Inda sauyin yanayi ya zo da wata 'yar dama shi ne hasashe. Girgizar ƙasa ba ta sallama, amma guguwa ana ganin tahowarta kwanaki kafin ta sauka, yanayin El Nino kuma, wato ɗumamar ruwan tekun Pasifik da ke sauya saukar ruwan sama a sassan duniya, ana hango shi watanni kafin ya iso. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa a shekarun El Nino masu kamuwa da kwalara a gabashin Afirka kan ƙaru da kimanin 50,000. A Yemen, bayan annobar 2017 da ta haura mutum miliyan guda da ake zargin sun kamu, an yi amfani da hasashen ruwan sama na hukumar yanayi ta Birtaniya a 2018 don tura kayan tsabta yankunan da ake sa ran ruwa zai sauka. Hasashe ba ya cewa ga ranar da kwalara za ta ɓulla. Abin da yake yi shi ne nuna inda za a fara kai kaya, idan aka ɗora shi a kan taswirar wuraren da cutar ta saba komawa, domin kwalara tana da unguwanninta, kusan su ne dai kowace shekara. Amfaninsa na zuwa ne idan an riga an rubuta yarjejeniya: in hasashe ya kai kaza, kuɗi kaza za su fita, wane zai ɗauki kaya zuwa wuri kaza. In ba haka ba, takardar hukumar yanayi za ta kwana a teburin ma'aikatar lafiya ba wanda ya san abin da zai yi da ita.

Rigakafin kwalara sha ake yi, ba allura ba ce. Tun 2013 aka kafa rumbun ajiyarsa na duniya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da ƙungiyar likitoci ta MSF da ta Red Cross ke kula da rabonsa. Sha biyu yana kare mutum kimanin shekara uku. A Oktoban 2022 buƙata ta yi wa rumbun yawa har aka yanke shawarar a koma ba da sha ɗaya, wanda kariyarsa ba ta daɗewa kuma ba ta da ƙarfi ga ƙananan yara. Wani kamfanin Indiya ya daina yin nasa, aka bar kamfani ɗaya na Koriya ta Kudu, EuBiologics, yana ɗauke da nauyin duniya. An amince da sabon samfurinsa mai sauƙin haɗawa a Afrilun 2024. Darasin ga mai tsara shiri shi ne kada ya gina komai a kan zaton rigakafi zai iso a kan kari. Abin da ke hannunsa shi ne ya tanadi takardun nema, da wurin sanyaya, da jerin masu rabawa, yadda in ya iso ba zai kwana a filin jirgi ba.

Duk wannan tanadi na iya rushewa idan jama'a ba su yarda ba. A arewacin Mozambik an sha kai wa ma'aikatan lafiya da shugabannin unguwa hari bisa jita-jitar cewa kulorin da suke zubawa a rijiya shi ne cutar. A Afrilun 2024 wani jirgin ruwa da ya yi lodi fiye da kima ya kife a gaɓar lardin Nampula da mutanen da hukumomi suka ce tsoron jita-jitar kwalara ne ya kore su, sama da 90 suka mutu. Mutanen da ba su taɓa ganin hukuma ta kawo musu ruwan sha ba, sai ga ta da farin gari tana zubawa a rijiyarsu ana tsakiyar mace-mace, ba abin mamaki ba ne su yi zargi. Wanda za su saurara shi ne wanda suka sani tun kafin masifa. Haka batun jana'iza: gawar mai kwalara tana yaɗa cutar, taron makoki da abincin da ake rabawa sun sha zama mafarin sabon kamuwa, amma ƙwace gawa daga hannun dangi yana sa a riƙa ɓoye marasa lafiya. Zama da malaman addini da dattawa a tsara yadda za a yi sutura cikin mutunci da kariya, aiki ne na lokacin kwanciyar hankali.

Kuɗin kwalara kuwa kusan kullum ihu bayan hari ne. Sai hotunan marasa lafiya sun fita ake buɗe asusu, a gama annoba a naɗe tantuna, a sallami masu aikin sa-kai, wani lokaci ba a ma biya su haƙƙinsu ba, sannan a yi mamakin ƙin fitowarsu a shekara mai zuwa. A 2017 ƙawancen yaƙi da kwalara na duniya ya sa burin rage mace-mace da kashi 90 cikin 100 da kawar da cutar a ƙasashe 20 nan da 2030. Alƙaluman shekarun nan sun nuna baya ake komawa.

Dalilin kuma ya wuce ma'aikatar lafiya. Landan ta rabu da kwalara tun ba a san maganin kashe ƙwayoyin cuta ba: wani likita, John Snow, ya danganta annobar 1854 da famfon titin Broad, daga baya aka gina manyan magudanan ƙazanta, annoba ta ƙarshe ta wuce a 1866. A 2022 mutum biliyan 2.2 ba su da amintaccen ruwan sha, biliyan 3.5 ba su da ingantaccen tsarin masai, sama da miliyan 400 kuma a fili suke bahaya. Bututu da magudana da tashar tace ruwa suna hannun ma'aikatar ruwa da ta ayyuka da hukumomin birni, kuma yanzu dole a gina su da lissafin ambaliyar da ta fi ta da: a ɗaga bakin rijiya da na masai, a sa wa injin tura ruwa wutar da ba ta dogara da babban layi ba, a riƙa auna kulorin a bakin famfon ƙarshe ana neman rabin miligiram a kowace lita, a kuma sa masu tankar ruwa cikin tsarin maimakon a yi kamar ba su nan. Ma'aikatar lafiya ce ke riƙe da rajistar da ta nuna layin da kowane mara lafiya ya fito. Wannan rajista ya kamata ta riƙa isa teburin masu raba kasafin ruwa kowace shekara, a fara shimfiɗa bututu daga unguwannin da sunansu ya fi maimaituwa a cikinta.